Tabarmar Kunya da Hauka Muke Naɗe Ta

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin azumi, saura 'yan kwanaki Sallah, aka tare wata babbar mota a garin Uromi na jihar Edo. Aka sauko da mafarauta 'yan Kano da ke kan hanyar dawowa gida daga jihar Ribas, aka yi musu dukan kawo wuƙa, aka jibga musu tayoyi, aka cinna wuta. Mutum 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure. Laifinsu bindigogin farautar da aka gani a cikin kayansu, da harshen da ke bakinsu. Tun daga lokacin, a majalisu da teburan masu shayi daga Bichi har Ɗambatta, in an gama salati an gama Allah ya isa, da magana ɗaya ake rufewa: "Ai mutanen nan ba su da hankali. Mai hankali ba zai yi haka ba. Wannan hauka ne."

Ƙarya ce. Da hankalinsu garau suka yi.

Mahaukaci ba ya kafa shinge a titi ya tsayar da mota. Ba ya bincika kaya, ba ya kasa kunne ya ji harshen fasinja don ya san daga ina ya fito. Ba ya raba aiki, wannan ya kawo taya, wancan ya nemo fetur, wani ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo don a gani a yaba. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi, ya san wa yake yi wa, ya kuma lissafa cewa a cikin taro da wuya a nuna shi a ce shi ne. Haka aka yi a hanyar Rukuba ta Jos a watan Agustan 2021, aka tare motocin matafiyan da suka fito daga taron zikiri a Bauchi, aka kashe sama da 20. Wane irin hauka ne wannan da ya san ɗan gari ya san baƙo?

Na san inda 'yan bokonmu suka samo wa maganar gindin zama. A Amurka an daɗe ana wannan muhawara. A ƙarshen shekarun 1960, bayan kashe-kashen da aka yi wa masu fafutukar 'yancin baƙar fata a kudancin ƙasar, wasu likitocin ƙwaƙwalwa baƙar fata suka nemi babbar ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya matsananciyar wariyar launin fata cikin jerin cututtukan taɓin hankali. Ƙungiyar ta ƙi. Hujjarta, kamar yadda Dakta Alvin Poussaint na jami'ar Harvard ya ba da labari, ita ce abin ya yi yawa a cikin Amurkawa har ya zama al'ada, al'ada kuwa ba cuta ba ce. Poussaint bai haƙura ba. A 1999 ya yi rubutu a jaridar New York Times, a 2002 ya sake yi a wata mujallar likitoci, yana cewa duk wanda ya sakankance wata al'umma ce tushen kowace masifa, har yake ganin sai an shafe ta za a zauna lafiya, to ruɗu ne ke damunsa irin na masu taɓin hankali, gara a yi masa magani tun bai kai ga kisa ba. Har yau ba a karɓi wannan ra'ayi ba. Babu wariya a kundin cututtuka na likitocin Amurka, babu ita a na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ba na zargin niyyar mutumin. Ya yi aikin likita a Mississippi a zamanin da ake harbe baƙar fata don ya nemi rajistar zaɓe, idonsa ya ga abin da ya gani, yana neman yadda za a tare mai kisa tun bai ɗauki bindiga ba. Amma kyakkyawar niyya ba ta mai da kuskure daidai. Amsar da ƙungiyar ta bayar ma, duk da muninta, ta tona asirin gaskiya: abin da yaro ya sha a nono, uba ya ƙarfafa masa, makaranta ta koyar, majalisa ta mai da shi doka, ba daga lalacewar ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ya taso ba.

Ku duba manyan makasan da ake kafa hujja da su. Anders Breivik na Norway, wanda ya kashe mutum 77 rana ɗaya a watan Yulin 2011 don yana ganin shugabannin ƙasarsa sun buɗe wa Musulmi ƙofa, kamfanin noma ya yi wa rajista, ya kama hayar gona, don ya sayi takin zamani har tan 6 ba tare da kowa ya zarge shi ba. Da takin ya haɗa bam. Duk manomin da ya taɓa bin layin taki ya san wannan ba dabarar mahaukaci ba ce. Likitocin da suka fara duba shi suka ce yana da taɓin hankali, na biyu suka ce hankalinsa ƙalau, kotu ta bi na biyun a watan Agustan 2012 ta ɗaure shi. Shi kansa ya fi kowa jin haushin a kira shi mahaukaci, so yake a ɗauki aƙidarsa da daraja. Saurayin da ya shiga cocin baƙar fata a Charleston ta Amurka a 2015 sai da ya zauna da su kusan awa guda suna karatu, sannan ya harbe mutum 9; kotu ta ce hankalinsa ya isa ya tsaya gaban shari'a. Wanda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch a watan Maris na 2019 ya zaɓi Juma'a, ya zaɓi lokacin sallah, ya ɗaura kyamara a ka yana watsawa kai tsaye a Facebook.

Mukan yi ƙorafi, kuma da gaskiyarmu, cewa in Bature ya yi kisa sai jaridunsu su ce yana fama da damuwa, ya taso cikin kaɗaici. In Musulmi ne kuwa, tun ba a san sunansa ba ya zama ɗan ta'adda, addininsa da danginsa duk sun shiga uku. To mu fa? In namu suka yi, sai murya ta yi ƙasa: ai yara ne, 'yan ƙwaya ne, ɓata-gari ne, sholisho ne ya ɗebe su. A watan Mayun 1953 an yi kwanaki ana zub da jini tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu a Fagge da Sabon Gari. A 1966 sojoji da farar hula sun kashe 'yan ƙabilar Ibo a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa ta Kano, ban da dubban da aka kashe a sauran garuruwan Arewa. Wannan ma ƙwaya ce? A lokacin babu tiramol. Tabarmar kunya ce kawai, Bahaushe kuwa ya riga ya faɗi abin da ake naɗe ta da shi.

Bari in bar Uromi da Norway in dawo gida, inda ba a cinna taya, sai dai a mayar da kuɗin gaisuwa.

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, inda gida ke jingine da gida, gona ke jingine da gona, kowa ya san kakan kowa. Wannan sani ni'ima ce ranar suna da ranar mutuwa, bala'i ne ranar neman aure. Yaro ya sauke Alƙur'ani, yana da sana'a, ba ya shaye-shaye, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, yarinya tana so. Sai a ce za a yi bincike. Binciken nan ba na halinsa ba ne, halinsa a tafin hannu yake. Wata tsohuwa za a samu a ƙuryar ɗaki ta rage murya: "Ai gidan nan ba su da asali, kakan ubansa a gandu aka same shi." Ko ta ce, "Uwarsa 'yar mahauta ce." Ko, "Jinin maƙera ne." Ko, "Kakansa Bamaguje ne, jiya-jiya suka musulunta." Shi ke nan. Washegari a tashi kawu ya je ya ce a yi haƙuri, an riga an yi mata miji a dangi.

Fanisau tana nan a Ungogo, ba nisa. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819, ya mai da ita ribaɗi lokacin yaƙinsa da Ɗantunku, aka kewaye ta da gandayen da bayi ke nomawa. Irin waɗannan gandaye sun cika ƙasar Kano, kuma kaso mai yawa na hatsin da ya ciyar da birni da audugar da ta cika kasuwar Kurmi da gumin mutanen nan aka samo shi. Turawa suka ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. A 1936 aka soke bauta a doka gaba ɗaya a Arewa. Shekara kusan 90 ke nan. Da yawanmu ba za mu iya faɗin sunan kakan kakanmu ba, amma ba mu manta kakan wa aka sayo ba.

Yanzu ku gaya mini, dattijon da ya mayar da kayan auren nan taɓin hankali gare shi? Shi ne fa a sahun gaba. Shi ake kira rabon gado don ba ya ɓata lissafi. Ya kai buhunan riɗi kasuwar Dawanau ya dawo ba a cuce shi ko mudu ɗaya ba. Naman mahaucin yake ci, da garmar maƙerin yake huɗa, wanzamin ne ya yi wa 'ya'yansa kaciya, amma wai jininsu ba zai gauraya da nasa ba. Ranar da ɗan mahaucin ya zama ɗan majalisa kuwa, ko ya buɗe gidan mai a bakin titin Katsina, ku zuba ido ku ga yadda cutar ke warkewa dare ɗaya, ba allura ba rubutu. Wace cuta ce ke jin ƙamshin kuɗi ta saki mai ita?

Kada wani ya jingina wannan da addini. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, abin da ake dubawa a dacewar ma'aurata shi ne addini da kuɓuta daga aibun da ke hana zaman aure, ba nasaba ba. Annabi (SAW) da kansa ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawa. Da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, ba a ce a yi masa ruƙiya ba, ba a ce aljanu ne suka shafe shi ba. A fuskarsa aka gaya masa cewa da sauran jahiliyya tare da shi. Wanda ya fara taƙama da cewa asalinsa ya fi na wani kuwa, kowane yaron makarantar allo ya san shi. Iblis bai haukace ba. Hujja ya kafa, ya auna wuta da yumɓu, ya yanke wa kansa hukunci. Da mahaukaci ne da ba a la'ance shi ba, don shari'a ta ɗauke wa mahaukaci alƙalami. An kore shi ne saboda girman kai, yana sane.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari, don shi yana iya kai mu inda mutanen Uromi suka kai. Maganar Fulani nake yi.

Ƙasarmu ta cika. Masana sun daɗe suna kawo kewayen Kano a misalin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma, inda ba a barin gona ta huta ko damina ɗaya. Kowane rabon gado sai ya ƙara tsaga gona. Abin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki cike da zaure ke zuba wa ido. A da akwai ciniki tsakanin manomi da makiyayi: bayan girbi shanu su kwana a gona su bar taki, a ba Bafulatani dami, matarsa ta kawo nono ta koma da hatsi. Yanzu kara kuɗi ne, harawa kuɗi ce, ko ƙaiƙayi ba a bari. Fadamun da shanu ke sauka da rani sun zama lambun tumatir da albasa, balle a kewayen madatsun ruwa irin Watari a Bagwai da Tomas a Ɗambatta. Dokar wuraren kiwo ta 1965 tana nan a takarda. Burtalin da aka shata tun zamanin En'e kuwa, kowace damina sai an ƙara kunya ɗaya a cikinsa ta nan, ɗaya ta can, har ya koma 'yar hanyar da ko jaki da mangala ba zai wuce ba.

Wanda ya shuka gyaɗa a cikin burtali ya san abin da ya yi. Yana buƙatar labarin da zai wanke shi, sai ya samo: ai Bafulatani ba shi da gari, ba shi da amana, ba shi da tausayi. Makiyayin da ya saki shanu da tsakar dare a gonar da ba a girbe ba shi ma ya san abin da ya yi, shi ma da nasa labarin: ai Kaɗo ne, me zai iya? Ƙiyayyar nan tana da riba. Manomi yana auna ta da kadada, ɗan siyasa yana auna ta da ƙuri'a, mai waya yana auna ta da yawan mabiya. Ku leƙa Facebook da TikTok ku ji masu kiran kansu Hausa zalla da masu mayar musu da martani, mutanen da in aka bi jininsu kaka biyu sai an tarar da wanda suke zagi a ciki.

Mun ga inda wannan hanya ta kai Zamfara. Ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suna nan, ba mai wanke su, kuma da yawansu Fulani ne, kamar yadda da yawan waɗanda aka fara kwashe wa shanu Fulani ne. Amma da 'yan sa-kai suka fara kama mutum a kasuwa don fasalin fuskarsa da sandar da ke kafaɗarsa, su yanka shi ba alƙali ba shaida, me aka girba? Ƙauyukan da aka ƙone don ramuwa. Yaran da suka shiga daji don an kashe ubansu a gabansu. Manoman da sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonar gado. Yanzu 'yan bindigar sun fara tsallakowa daga Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kuma tsoron da mutane ke ji na gaskiya ne, ba wanda zai raina shi. Sai dai na fara jin samari suna faɗa da ƙarfin hali: "Duk Bafulatani ɗan bindiga ne, in ba shi ba ne to shi ke kai musu rahoto." Ku saurari maganar nan da kyau. Ita aka faɗa a Uromi kafin a kawo taya, suna kawai aka canza. Can ba wanda ya tsaya tambayar mafarautan nan ko Hausawa ne ko Fulani. Daga Arewa suke, ga bindiga, magana ta ƙare.

Akwai marar lafiya na gaskiya da ciwonsa kan ɗauki kamar ƙabilanci, ban musa ba. Mutum ya daina barci, ya kulle kansa a ɗaki, ya ce Fulani sun zuba masa guba a rijiya, ko Yarabawa na yi masa magana ta cikin rediyo. Wannan a kai shi asibiti, kuma sau da yawa in ya riƙe magani muryoyin kan yi shiru. Amma ku lura, shi kaɗai ne a cikin ruɗunsa. Matarsa kuka take, 'yan'uwansa sun rasa inda za su sa kansu. Mai ƙiyayya kuwa da jama'arsa. In ya yi magana a majalisa gyaɗa kai ake yi, a ƙara masa shayi. Ciwo raba mutum yake da mutanensa, wannan kuwa fada yake ƙara masa a wurinsu.

Su wane ne ma mahaukatan da muke ɗora wa wannan ta'asa? Ai mun san su. Matar da ta haihu hankalinta ya gushe aka ce iska ce, aka yi ta turnuƙe ta da hayaƙi har jariri ya rasa nono. Saurayin da aka sa wa mari a ɗakin zaure shekara da shekaru. Tsohon da ke yawo a kasuwa cikin tsumma, yara na bin sa da jifa, manya na dariya. A 2019 da 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, ɗaruruwan mutane aka fito da su, cikinsu da masu taɓin hankali da masu shaye-shaye da waɗanda iyaye suka ce sun gagara, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Masu hankali ne suka ɗaure su. In aka yi ihun ɓarawon yara a unguwa, wa ake fara cafkewa? Baƙon da ya kasa bayanin kansa, wanda sau da yawa marar lafiya ne da ya ɓace wa danginsa. Su ake duka, su ake jifa, sannan a juyo a ɗauki sunan ciwonsu a liƙa wa wanda ya kawo fetur. Haba jama'a! Ina tsoron Allah a nan?

Sai kuma lissafi. Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yana nan a Dawakin Tofa, ku je ranar ganin likita ku ga layi, mutanen birni da na ƙauye, wani ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma kullum raguwa suke don ana ficewa waje. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa; kafin nan da dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawa, ake aiki. A wannan hali za a ce a ƙaro wa likitocin nan duk mai ƙin wata ƙabila? A ba shi gadon wa? Wane magani za a rubuta masa, ɗaya safe ɗaya yamma bayan cin abinci?

Ku kuma tuna abin da wannan lamba ke yi a gaban alƙali. Sashe na 51 na dokar Penal Code ta Arewa ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa ko sanin cewa laifi ne. Fiƙihu ma haka, ba a yi wa mahaukaci ƙisasi. Rahama ce da aka tanada don marasa lafiya. Ranar da aka rubuta ƙabilanci a littafin likita, ranar aka buɗe wa kowane lauya ƙofa. A ƙasar da muka sha ganin manyan da ake tuhuma da wawure biliyoyi suna zuwa kotu a kan gadon asibiti, ko su yanke jiki su faɗi da an fara karanta tuhuma, kuna tsammanin takardar likita za ta yi wa mai gata wuyar samu?

Hatimin likitan ma yakan bi mai ƙarfi. A 1851 wani likitan Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa bawan da ke gudu daga gonar ubangijinsa cuta ce ke damunsa, ya raɗa mata suna, ya ce a yi rigakafinta da bulala. A 1954 gwamnatin mulkin mallaka ta Kenya ta sa likitan ƙwaƙwalwa J. C. Carothers ya bayyana mata boren Mau Mau, sai ya mai da faɗan gonakin da aka ƙwace ya zama matsalar tunanin 'yan Kikuyu. In yau muka yarda likita ya yanke wace aƙida ce cuta, gobe mai mulki ne zai gaya masa wacce.

A daina ba abin suna mai laushi. Wanda ya ƙone matafiyi don harshensa mai kisan kai ne, wurinsa gaban alƙali, shi da wanda ya kawo taya da wanda ya fara ihu. Wanda ya hana 'yarsa aure don kakan yaro ya yi bauta azzalumi ne mai girman kai, ko da tabon sallah a goshinsa.

Limamanmu na Juma'a, mun gaji da huɗubar cewa duk 'yan'uwa muke, wadda kowa ke gyaɗa wa kai ya fita bai ji an taɓa shi ba. Ku ambaci mahauta, ku ambaci maƙera da wanzamai, ku ambaci jikokin bayi, ku ambaci Maguzawa, waɗanda suka musulunta da waɗanda ba su musulunta ba, ku faɗi hukuncin wanda ya goranta musu, a masallacin da masu gorin ke sahun gaba. Hakimai da dagatai, ku fitar da burtali kafin shuka, a kafa alama, wanda ya ci ya tashi ko ɗan wane ne. Makiyayin da ya yi ɓarna ya biya, shi ɗin, ba rugar da ta fi kusa ba. 'Yan sintiri, wanda kuka kama ku miƙa wa hukuma da ransa.

Kai kuma mai unguwa, Allah ya taimake ka, ka fi kowa sanin yaran da ke wannan magana a bakin shago bayan isha'i. Kada ka ce ƙuruciya ce, kada ka ce ba su da hankali. Ka kira kowannensu zaure tare da ubansa, ka gaya masa a gaban shaidu cewa ranar da aka taɓa wani Bafulatani ko wani baƙo a garin nan ba da haƙƙi ba, sunansa ne na farko da za ka kai wa 'yan sanda.